Me ya sa masu ɗaukar hoto ba su taru a kan fim ɗaya da kyamara ɗaya ba?

Tambayar da aka aiko ita ce: tunda duk fim fim ne, haske ke faɗa masa a wanke shi hoto ya fito, me ya sa wani mai ɗaukar hoto ke yawo da 'yar kyamarar da ke shiga aljihun riga, wani ya rataya mai ido biyu a wuya yana sunkuyar da kai, wani kuma ya yi dakon akwati da ƙafa uku da baƙin mayafi? A cikinsu wacce ta fi, don mai shirin farawa ya san inda zai dosa?

Malam, ba zan ce maka duk ɗaya suke ba. Tsakanin ƙaramin fim da babba akwai rata mai nisa, kuma ido na ganinta. Sai dai duk abin da girman fim ya ba ka, sai ya karɓi wani abu a hannunka: ya rage maka sauri, ya nemi ƙarin haske, ya ɗora maka nauyi. Bayan wannan akwai abin da ba a cika faɗa ba, wanda a wurina shi ne babba. Kowace kyamara tana da irin tsayuwar da take sa mai riƙe da ita ya yi, tana kuma da irin abin da take sa wanda ake ɗauka ya ji a jikinsa. Lissafin milimita ke kai mutum wurin saye, amma wannan na biyun ne ke zaunar da shi a kan kyamara guda shekara da shekaru.

Mu fara da girman, don komai daga nan ya taso. Iri uku ne manya. Na farko shi ne fim mai faɗin milimita 35, wanda ke zuwa cikin ɗan gwangwani mai lamba 135. Kowane hoto a kansa milimita 24 ne a 36, naɗi ɗaya kuma yana ba da hoto 24 ko 36. Na biyu shi ne matsakaici, mai lamba 120, wanda Kodak ta fito da shi tun 1901 don kyamararta Brownie. Faɗinsa kusan santimita 6, an naɗe shi a kwarkwaro da takarda a bayansa tana kare shi daga haske. Faɗin ba ya canzawa, amma tsawon kowane hoto kyamara ce ke yanke shi. Mai 6×4.5 tana fitar da hoto 15 ko 16 daga naɗi ɗaya, mai 6×6 ta fitar da 12, mai 6×7 ta fitar da 10, mai 6×9 ta fitar da 8, mai 6×17 ta ɗaukar shimfiɗar ƙasa kuwa 4 kacal. Na uku shi ne babba, wanda ba a naɗe yake ba, falle-falle yake zuwa a kwali, ana auna shi da inci: 4×5, 5×7, 8×10.

In ka auna fili, hoton 6×6 ya ninka na 35 sau 3 da rabi da 'yan kai, na 6×7 ya ninka shi wajen sau 4 da rabi, fallen 4×5 wajen sau 13, na 8×10 kuwa ya haura sau 50. Hanya mafi sauƙin kama wannan ita ce ta masu wankin fim. A wajen lissafin ruwan wanki, naɗi guda na 35 mai hoto 36, da naɗi guda na 120, da falle 4 na 4×5, da falle guda na 8×10, duk awo ɗaya ake musu. Wato filin da mai ƙaramar kyamara ke raba wa hoto 36, shi mai babbar ke kashewa a kan hoto ɗaya tal.

To me wannan fili ke amfanawa? Fim leda ce da aka shafa wa ƙananan ƙwayoyi na sinadarin azurfa masu jin haske. Girman ƙwayoyin ya danganta da irin fim ɗin, babu ruwansa da girman ledar. Ka ɗauki fim ɗin Ilford HP5 mai ƙarfin jin haske 400: ƙwayarsa a ƙaramin naɗi ita ce ƙwayarsa a babban falle. Bambancin yana fitowa ne ranar da za a fitar da hoton a kati. Don ka sami kati mai inci 8×10 daga negatif na 35, wato fim ɗin da aka ɗauki hoto a kansa aka wanke, sai ka faɗaɗa shi fiye da sau 8. Daga 6×7 bai kai sau 4 ba. Daga 4×5 sau 2. Daga 8×10 kuwa babu faɗaɗawa sam, ɗora negatif ɗin ake yi a kan takardar a haska. Na'urar faɗaɗawa ba ta zaɓe, duk abin da ke kan negatif tare take girmama shi: ƙwayoyin, da ƙurar da ta faɗa, da ɗan karcen da aka yi, da rawar hannu, da kuskuren saiti. Shi ya sa hoton 35 idan ya yi girma sai ka ga yashi-yashi a sararin sama da kan fata.

Mutane sukan tsaya a maganar kaifi, wai babban fim ya fi fito da gashin gira da zaren tufafi. Gaskiya ne, amma abin da ya fi jan ƙwararru shi ne laushin inuwa. Dubi kuncin mutum a hoto baƙi da fari, daga inda haske ya faɗa zuwa inda inuwa ta rufe. A ƙaramin negatif ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da wannan sauyin, sai ya zo da ɗan kaushi. A babba ƙwayoyi masu ɗimbin yawa ne ke rabon aikin, sai toka-tokar ta gangara a hankali ba tare da ka ga inda ta karye ba. Wanda ya taɓa riƙe kati da aka fitar kai tsaye daga negatif na 8×10 ba ya bukatar dogon bayani, gani ya kori ji. Kamfanoni ma sun gwada matsawa ƙasa da 35, kamar fim mai lamba 110 na 1972 mai hoton milimita 13 a 17, da na faifai na 1982 da bai ma kai wannan ba. Sun yi sauƙin riƙewa, amma katin da ke fita daga cikinsu bai gamsar da masu son aikin ba.

Yanzu ga kuɗin da ake biya. Yayin da fim ke girma, dole idon kyamara, wato gilashin gabanta da haske ke bi, ya yi tsawo kafin ya ga abin da ƙaramin ke gani. Idon da ake kira na daidai, mai gani kusan kamar na ɗan Adam, a fim 35 milimita 50 ne. A 6×6 ya koma 80, a 6×7 ya kai 90 zuwa 105, a 4×5 ya zama 150, a 8×10 kuwa 300. Dogon ido kuma ƙa'idarsa ce ya ƙuntata wurin da ke fitowa tar: abin da ka saita a kansa ya fito, na gabansa da na bayansa su yi dishi-dishi. Don a faɗaɗa wurin sai an tsuke ƙofar haske, wadda ake auna ta da lambar f: yayin da lambar ke ƙaruwa, ƙofar ƙara tsukewa take yi. Abin da f/8 ke ba mai kyamarar 35, mai 4×5 sai ya je wajen f/32, mai 8×10 sai wajen f/64. Daga f/8 zuwa f/64 hawa 6 ne, kowane hawa kuma yana raba haske biyu, ka ga hasken ya ragu sau 64 ke nan. Hoton da mai 35 ya ɗauka cikin kashi 1 bisa 125 na daƙiƙa, mai 8×10 sai ya bar marfin da ke ba haske hanya a buɗe rabin daƙiƙa. A rabin daƙiƙa yaro ya juya kai, iska ta kaɗa ganye, hannu ya yi rawa. Daga nan ƙafa uku ta zama dole. Ba banza ba Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham da abokansu suka sa wa ƙungiyar da suka kafa a Kalifoniya a 1932 suna f/64, ƙofar da irin aikinsu ke yawan kai su ce.

Wani kuma wannan ƙuncin shi yake nema. Pentax 67 da idonta na milimita 105 mai buɗewa zuwa f/2.4 ta yi suna a wajen masu ɗaukar fuska saboda haka: mutum ya fito tsaf daga kai zuwa gwiwa, bayansa ya narke. Abin da ke ciwon kai ga mai ɗaukar duwatsu da kwari shi ne ribar mai ɗaukar mutum.

Fim 35 daga silima ya fito. Oskar Barnack, injiniya a kamfanin Leitz da ke Wetzlar a Jamus, shi ya ɗauki fim ɗin masu silima, ya ninka filin hotonsu daga 18×24 zuwa 24×36, ya ƙera 'yar kyamara a wajajen 1913 zuwa 1914. Sai 1925 ta shiga kasuwa da sunan Leica. Manyan masu sana'ar na lokacin da yawa sun raina ta. Amma ta buɗe ƙofar wani irin hoto da a da yake da wuyar samu, hoton abin da ke faruwa yanzu-yanzu, wanda ba ya jiran kowa. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshe, ya riƙe Leica tun 1932, galibi da idon 50 kawai, har yakan rufe wuraren da ke ƙyalli da baƙin tef don kada a lura da shi. Robert Capa, mai ɗaukar hoton yaƙi, da kyamarar Contax mai fim 35 ya bi sojoji cikin ruwan gaɓar Normandi a Faransa ranar 6 ga Yunin 1944. Duk da haka canjin bai zo dare ɗaya ba. Hoton kafa tuta a Iwo Jima da Joe Rosenthal ya ɗauka a Fabrairun 1945, da Speed Graphic mai fallen 4×5 aka yi shi, don 'yan jaridar Amurka sun daɗe suna riƙe da ita. Zuwan Nikon F a 1959 da yaƙin Biyetnam ne suka ƙarasa mayar da aikin jarida hannun fim 35.

Abin da ya ba shi wannan matsayi a bayyane yake. Hoto 36 ba tare da tsayawa ba. Nauyin da bai kai kilo ɗaya ba. Idanu masu buɗewa har f/1.4, waɗanda ke aiki da almuru ko cikin ɗaki ba tare da filasha ba, alhali idanun matsakaicin fim galibi a f/2.8 ko f/4 suke tsayawa. Sai kuma jawo nesa kusa: idon milimita 300 da mai ɗaukar ƙwallo ko tsuntsaye ke riƙewa a hannu, kwatankwacinsa a 4×5 ya haura mita guda, ba mai iya bin ɗan wasa da shi. Yashi-yashin ma da ake kushewa wasu sun mai da shi ado, musamman na Kodak Tri-X, wanda tun 1954 yake a ƙaramin naɗi, kuma kaushinsa ya dace da hoton titi da na tashin hankali.

Ko a cikin 35 ɗin akwai gida biyu. Akwai mai madubi, irin su Nikon F, wadda madubi ke karkato hasken daga idon kyamara zuwa idonka, abin da ka gani shi fim zai gani. Ita ce ta dace da dogon ido da kuma ɗaukar abu kusa-kusa. Aibinta shi ne a daidai lokacin da ka danna, madubin ya ɗaga da ƙara, gabanka ya yi duhu, hoton da ka ɗauka shi ne kaɗai abin da ba ka gani ba. Akwai kuma mai tagar gefe, irin su Leica M3 ta 1954, wadda kake leƙawa ta wata 'yar taga daban, ka daidaita inuwa biyu su hau kan juna. Babu madubi, don haka ƙararta kaɗan ce, ba ta girgiza, taga ba ta rufewa, kuma kana hango abin da ke wajen layin hoton, ka ga mai keke tun kafin ya shigo. Amma a kusa, abin da taga ta gani da abin da ido ya gani sukan ɗan saɓa, dogon ido kuma ba nata ba ne. Wanda damuwarsa yawan hoto ce, akwai masu raba filin biyu su ba da 72 a naɗi ɗaya, irin Olympus Pen ta 1959, kuma Pentax ta sake fito da sabuwa a wannan tsari a 2024.

Matsakaicin fim shi ne na fi so a tsaya a kansa, don nan ne maganar tsayuwar mai ɗauka ta fi fitowa. Ɗauki Rolleiflex, mai ido biyu, wadda ta fito a Jamus a 1929. Idon sama na dubawa ne, na ƙasa na ɗauka. Tana rataye a wuyanka daidai ƙirji ko ciki. Ka buɗe murfin samanta, ka sunkuya, sai ga duniya a kan wani ɗan allo mai faɗin tafin hannu, kana kallonta da idanunka biyu kamar hoton da aka riga aka wanke. Hagu ta koma dama, dama ta koma hagu, sai hannu ya saba kafin ka daina juyawa ɓangaren da ba shi ba. Wanda ke gabanka fa? Bai ga an ɗaga ƙarfe an rufe fuska an auna shi ba. Mutum ya gani ya sunkuyar da kai yana duba wani abu a hannunsa. Kafaɗarsa sai ta sauka, fuskarsa ta koma yadda take. Ka ɗago ku haɗa ido, ku yi magana, yatsanka na kan maɓalli, marfin ya yi ɗan ƙis wanda da ƙyar ake ji. Kuma da yake kyamarar tana ƙasa da fuskarsa, hoton yakan ba shi tsawo da kwarjini. Vivian Maier da irin wannan kyamara ta yi shekaru tana ɗaukar mutane a titunan Shikago da Niyok. Diane Arbus ta bar 35 ta koma Rolleiflex a wajajen 1962, saboda ta gaji da yashi-yashi, tana son ganin fata da tufa kamar yadda suke.

Siffar hoton ma dalili ce mai zaman kanta. Hoton 6×6 tsawonsa da faɗinsa ɗaya, ba sai ka juya kyamara tsaye ko kwance ba, kuma editan mujalla yana iya yanke shi ta yadda shafi ya nema. Amma tsara hoto a cikin irin wannan fili wani ilimi ne daban: yana jan abu zuwa tsakiya, yana kwantar da hoto, ba ya son garaje. Shi kuwa 6×7 kusan daidai yake da takardar 8×10, ba a asarar komai, alhali hoton 35 sai an datse masa gefe kafin ya zauna a kanta. Mamiya RB67 ta 1970 ta warware matsalar juyi ta wata hanya, bayanta kawai ake murɗawa, jikin yana nan a kan ƙafa uku. Dole ma a yi mata haka, don nauyinta da ido ya kai wajen kilo 2 da rabi.

Akwai dalilai biyu na sana'a zalla da suka sa masu situdiyo da masu ɗaukar biki da tallar tufafi suka riƙe irin su Hasselblad 500C, 'yar ƙasar Suwidin da ta fito a 1957. Na farko, bayanta cirewa ake yi. Ka loda fim mai kala a baya ɗaya, baƙi da fari a wani, ka sauya a tsakiyar naɗi ba tare da hoto ko ɗaya ya ƙone ba. A da har bayan Polaroid ake maƙalawa a gwada haske a gani nan take kafin a taɓa fim na gaske. Na biyu, marfin haskenta a cikin ido yake, ganye-ganye ne masu buɗewa daga tsakiya, don haka filasha na tafiya da shi a kowane sauri har kashi 1 bisa 500 na daƙiƙa. Kyamarar da marfinta labule ne a gaban fim ba ta iya wannan, yawancinsu tsakanin 1/60 da 1/250 na daƙiƙa suke tsayawa, Pentax 67 ma a 1/30. Wanda ke son cike inuwar fuska da filasha a tsakiyar rana ya san darajar wannan bambanci. Irin kyamarar ce, bayan an yi mata gyare-gyare, 'yan sama jannatin Amurka suka kai duniyar wata a 1969.

Sai babbar. Ita wannan allo biyu ne, na gaba riƙe da ido, na baya riƙe da fim, a tsakaninsu wata baƙar fata mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Ga yadda ake ɗaukar hoto ɗaya da ita. Tun da dare, cikin duhun da ko tafin hannunka ba ka gani, ka loda fallayen a cikin mariƙinsu, kowane mariƙi falle 2. Da yatsa kake laluben wasu 'yan tsage-tsage a gefen fallen. Idan suna sama ta hannun dama, fuskar da ke jin haske tana kallonka. A wurin ɗauka ka kafa ƙafa uku, ka buɗe ido, ka lulluɓa da baƙin mayafi. Hoton yana kan allon baya, kai a ƙasa ƙafa a sama. Ka ɗora madubin ƙara girma a kan allon, ka murɗa har ya fito tar, ka duba kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ka fito, ka auna haske, ka rufe ido, ka tsuke ƙofa, ka ɗana marfi. Ka zura mariƙin, ka zare allon da ke kare fim. Daga nan ba ka ƙara ganin komai ta cikin kyamara. Ka tsaya a gefenta da igiyar dannawa a hannu, kana jiran iska ta lafa ko fuska ta nutsu. Ka danna. Ka mayar da allon kariyar a juye, baƙin gefensa a waje, alamar an ɗauki wannan. Mantuwa guda a cikin jerin nan, misali ka zare allon ido na buɗe, fallen ya tafi.

Me zai sa mutum ya jure wannan? Ban da girman negatif, akwai abin da sauran kyamarori ba sa yi sai da ido na musamman: allon gaba da na baya suna motsi kowanne da kansa. Tsaya gaban dogon gini da ƙaramar kyamara, dole ka ɗaga bakinta sama don kan ginin ya shigo, nan take bangayen su karkata kamar ginin zai faɗi ta baya. Mai babbar kyamara ba ya ɗaga baki. Yana barin fim a tsaye daidai da bango, ya zame idon sama, ginin ya shigo duka layukansa a miƙe. Da haka Bernd da Hilla Becher suka yi shekaru suna ɗaukar tankunan ruwa da masana'antun Jamus da wasu ƙasashe, kowanne a tsaye cak. Sannan akwai karkata ido. Idan shimfiɗar abin da ake ɗauka, da ta ido, da ta fim suka haɗu a layi guda, duk abin da ke kan shimfiɗar zai fito tar, daga tsakuwar da ke gaban ƙafarka har dutsen da ke can nesa, ba tare da an tsuke ƙofa har ƙarshe ba. Ƙa'idar tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya na farkon ƙarni na 20. Ƙari a kan haka, kowane falle ana iya wanke shi shi kaɗai. Wanda aka ɗauka da rana tsaka a rage masa lokaci a ruwa don kada farin ya ƙone, wanda aka ɗauka cikin hazo a ƙara masa. Tsarin auna haske da Ansel Adams da Fred Archer suka shimfiɗa a wajajen 1940 a kan wannan ya ginu. Mai naɗi kuwa duk hotunansa 36 wanka ɗaya suke sha.

A wajen ɗaukar mutum ma tana da nata sirrin. Richard Avedon, wanda ya yi suna da Rolleiflex, ya ɗauki 8×10 ya zaga yammacin Amurka daga 1979 zuwa 1984 yana ɗaukar masu haƙar ma'adinai da leburori da 'yan ci-rani a gaban farar takarda. Mataimakansa ke loda fim, shi yana tsaye a gefen kyamara fuska da fuska da mutumin, babu abin da ya shiga tsakaninsu. Wanda aka tsayar a gaban irin wannan akwati ya san abin ba na wasa ba ne, murmushin da ake yi wa kyamara ba ya jure tsawon wannan shiri, sai ainihin fuskar ta fito. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, da negatif mai santimita 13×18 ya yi yawancin aikinsa, yana ɗora shi a kan takarda kai tsaye, kuma galibi ɗauka ɗaya yake yi wa kowane mai zuwa. A wurinsa babban fim ya sauƙaƙa aiki ne, tunda ba a bukatar na'urar faɗaɗawa. Da aka zo shekarun 1990 aka faɗaɗa waɗannan negatif ɗin don nune-nune a Turai da Amurka, sai ga kowane zane na atamfa da kowane ɗan kunne sun fito ras, abin da yake kwance a ciki shekara 40 ba wanda ya gan shi da wannan girman.

To kai wacce za ka ɗauka? Ka fara da tambayar kanka inda hoton zai ƙare. Idan a fuskar waya ko a ƙaramin kati za a kalle shi, fim 35 ya ishe ka har da saura. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga mai farawa ya tattara abin hannunsa ya sayi babbar kyamara don an ce ta fi kaifi, sannan ya kai negatif ɗin a yi masa sikanin na gaggawa mai ƙaramin awo. Duk abin da ya yi dako dominsa a nan ya zube, don yau galibin fim ta na'urar sikanin yake bi kafin a gan shi, kuma hoto ba ya wuce abin da na'urar ta iya karantawa. Negatif na 35 da aka auna haskensa daidai, aka riƙe da kyau, aka yi masa sikanin mai kyau, ya fi 6×7 da hannu ya girgiza.

Shawarata ita ce ka fara da mai madubi ta 35 wadda ba ta dogara da batir ba sai don awon haske, irin su Pentax K1000, Nikon FM ko Olympus OM-1, da idon 50 guda, da fim iri ɗaya, ka daɗe a kai. Kuskure a nan ba ya da tsada, kuma da yawan ɗauka ake koyon haske. Wata rana za ka ji wani abu ya tsaya maka, kuma irin abin da ya tsaya makan ne zai nuna maka ta gaba. In katinka ne ke fashewa idan ya yi girma, ko kana son laushin fata, matsakaici kake nema. In mutane ne ke ɗaurewa da zarar ka ɗaga kyamara, gwada mai ido biyu ko mai tagar gefe. In gine-gine ne ke karkace maka, ko kana son gaba da nesa su fito tare, lokacin 4×5 ya yi. In kuwa babu abin da ya tsaya maka, zauna inda kake, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kafin ka sayi kowace, bincika wanda zai wanke maka. Wuraren da ke karɓar 35 sun fi yawa, masu karɓar 120 sun ragu, masu karɓar falle kuwa sai an tona. Baƙi da fari kana iya wanke shi da kanka da ƙaramin tanki da jakar duhu, a ruwa mai ɗumin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Mai kala yana son wajen digiri 38 ba tare da ya yi sama ko ƙasa ba, don haka yawancin masu farawa sukan bar shi ga masu injin. Tsohuwar kyamara kuma ka buɗe bayanta ka duba soson da ke tare haske a gefen ƙofa, don shi ke fara ruɓewa, sannan ka saurari marfinta a saurin daƙiƙa ɗaya ka ji ko yana tafiya sumul ko yana sarƙewa.